Ɗaurarrun ƙafafu: yadda masu bincike suka gano dafin da ke cikin rogo mai ɗaci

Rogo abinci ne mai rufin asiri. Ba ya neman ƙasa mai taki da yawa, yana jure ƙishirwa, kuma yana iya zama cikin ƙasa wata da watanni har ranar da mai shi ya buƙace shi. A nan Nijar ana shuka shi a lambuna da fadamu, ana dafa shi a sayar a kasuwa da bakin tasha. Garin rogo kuwa, wanda ake shigowa da shi daga Najeriya da Benin, ya fid da gidaje da yawa kunya a lokacin da hatsi ya ƙare a rumbu. Amma akwai ƙasashen Afirka inda wannan abinci ya gurgunta dubban yara da mata. Likitoci da malaman jami'a sun yi shekara fiye da 70 suna bin sawun abin kafin a samu hanya mai sauƙi ta tsare ƙauye gaba ɗaya. Ga yadda labarin yake.

Yaro ya kwanta lafiya, ya tashi gurgu

Sunan cutar konzo. Kalmar ta fito daga harshen Yaka, wata ƙabila ta ƙasar Kongo, ma'anarta kuwa ɗaurarrun ƙafafu. Duk wanda ya ga mai cutar yana tafiya zai gane dalilin sunan. Ƙafafun biyu sun sandare, gwiwoyi suna gogar juna, mutum yana taka ƙasa da yatsun ƙafa, diddige ba ya sauka. Kamar akuyar da aka yi wa dabaibayi.

Cutar ba ta sallama. Yaro zai wuni yana wasa, ko mace ta dawo daga gona ko daga ɗebo ruwa, ta ji ƙafafunta sun yi nauyi suna rawa. Kafin kwana ɗaya ko biyu abin ya kama. Daga nan ba ya ƙaruwa, amma kuma ba ya warkewa. Wani yana iya tafiya da kansa, wani sai da sanda ɗaya ko biyu, wani kuwa sai rarrafe. Idan ta yi tsanani takan taɓa hannuwa, da magana, da gani. Waɗanda ta fi kamawa su ne yaran da aka yaye, da mata masu haihuwa, musamman masu goyo. Jaririn da ke shan nono kaɗai ba ta kama shi.

Kada a haɗa ta da shan inna. Shan inna ƙwayar cuta ce ke kawo ta, tana yaɗuwa, takan zo da zazzaɓi, ƙafa ta yi laushi ta motse, sau da yawa ƙafa ɗaya. Konzo kuwa ƙafa biyu take kamawa daidai, kuma ƙafar tauri take yi. Ba a ɗaukar ta daga wani. Masu binciken ciwon jijiya sun nuna cewa ɓarnar ba a cikin ƙafa take ba. Akwai jijiyoyi masu ɗauko umurni daga ƙwaƙwalwa, su bi ta cikin laka, su sauka zuwa ƙafa. Su ne linzamin naman jiki. Idan sun lalace, naman ƙafa yana nan da ƙarfinsa, amma ba mai sarrafa shi, sai ya ɗaure.

Takardar da ta yi barci

Wanda ya fara rubuta bayanin cutar wani likita ne ɗan Italiya mai suna Giovanni Trolli. Yana aiki a Kongo zamanin mulkin mallakar Beljiyam. A shekarar 1938 ya fitar da rahoto a kan mutanen da ƙafafunsu suka shanye a wani yanki na kudu maso yammacin ƙasar, ya kuma rubuta sunan da mutanen wurin suke kiran ciwon da shi. Bai gano musabbabi ba. Rahoton ya shiga cikin tarin takardu. Yara kuwa ba su daina gurguncewa ba.

Sai a 1981, a arewacin ƙasar Mozambik, cikin jahar Nampula, aka yi fari mai tsanani. Labari ya iso garin Nacala cewa mata da yara suna faɗuwa a ƙauyuka, ƙafafunsu sun ƙi ɗaukar su. Likitan wannan yanki saurayi ne ɗan Suwidin, sunansa Hans Rosling. A shekararsa ta farko a wurin, shi kaɗai ne lokotoro a kan mutum wajen 300,000. Kafin annobar ta lafa, an ƙidaya mutum fiye da 1,000 da ta kama. Mutanen wurin suna kiran ta mantakasa.

Da farko tsoro ya rufe idon kowa. An ɗauka cuta ce mai yaɗuwa. Shi kansa Rosling ya ba da labarin wani abin baƙin ciki a cikin littafinsa mai suna Factfulness, wanda ya fito a 2018 bayan rasuwarsa. Magajin gari ya tambaye shi ko a tare hanya don kada cutar ta shigo birni, shi kuwa ya yarda, alhali bai tabbatar tana yaɗuwa ba. Washegari mata wajen 20 da ƙananan ƴaƴansu suka fito jiran motar kasuwa, suka tarar babu mota. Sai suka roƙi masunta su kai su ta teku. Jiragen suka kife, suka nutse, har da masuntan. Ya ce ya yi shekaru da yawa bai iya faɗa wa kowa wannan magana ba. Ba kowane babban malami ne zai tona asirin kansa haka ba, kuma faɗar tasa ta yi amfani: ta nuna abin da gaggawa take jawowa idan an yanke hukunci kafin a san cuta.

Daga nan aka shiga bincike na gaske. Rosling da wata likita ƴar Ostareliya, Julie Cliff, da ma'aikatan lafiya na Mozambik suka bi ƙauye ƙauye, gida gida. Wane ne ya kamu? Yaushe? Me ya ci? Wane ruwa ya sha? Masu cutar ba su da zazzaɓi. Masu jinyarsu a asibiti ba su kamu ba. Amma abu ɗaya ya haɗa su duka: fari ya kashe sauran amfanin gona, ba abin da ya rage sai rogo mai ɗaci. A shekarar lafiya, matan wurin sukan fere rogon su shanya shi a rana makonni kafin a daka. A shekarar yunwa ba mai iya jira. Ana tonowa, a daddaka, a ɗan shanya, a tuƙa tuwo. Ga shi babu wake, babu kifi, babu nama. Da aka auna jinin mutanen, sai aka tarar alamar dafi ta ninka ta mai lafiya sau da yawa. An buga sakamakon a 1984 cikin mujallar Hukumar Lafiya ta Duniya.

Da masu bincike suka koma suna tonon tsofaffin takardu, sai suka ga ashe ciwon da Trolli ya rubuta ne. Shi ya sa aka riƙe sunan konzo. Amfanin rubutu ke nan. Mai shi ya mutu, amma takardarsa ta jira har masu nema suka zo.

Ina dafin yake, kuma yaya yake fita?

Asalin rogo daga Amurka ta Kudu yake. Ƴan Fotugal ne suka kawo shi Afirka shekaru fiye da 400 da suka wuce. Kowane rogo yana da wani sinadari da ake kira linamarin. A cikin rogo mai zaƙi kaɗan ne, kuma yawancinsa a ɓawo yake. A cikin mai ɗaci yana da yawa, har cikin tsokar. Idan an yi fari, yawansa ƙaruwa yake yi. Makamin shukar ne, da shi take korar ƙwari da dabbobi. Shi ya sa ma manoma a ƙasashe da yawa suka fi son shuka mai ɗacin: biri da alade ba sa taɓa shi, ɓarawo ba ya iya tonowa ya ci nan take, ga shi yana yi ko a ƙasar da ta gaji.

A cikin rogon akwai kuma wani sinadari na biyu, wanda aikinsa shi ne fasa na farkon. Muddin rogo yana lafiya, ba sa haɗuwa, kowa yana ɗakinsa. Idan an goge rogon, ko an jiƙa shi ya yi laushi, sai su haɗu, dafin da ake kira siyanid ya fito. Wannan dafi ba ya son zama. Da ya ji ɗumi sai ya zama iska ya tashi. Saboda haka duk aikin da mata suke yi wa rogo, jiƙawa, gogewa, matsewa, shanyawa da soyawa, hanya ce ta buɗe wa dafi ƙofa ya fita kafin abincin ya shiga ciki. Kakanni sun san aikin tun kafin malaman jami'a su san dalilinsa.

Idan ɗan dafin ya shiga jiki, jiki yana da dabara. Yana ɗauko wani abu dangin farar wuta, wanda yake samu daga abinci mai gina jiki kamar nama, kifi, ƙwai, nono, wake da gujiya. Sai ya ɗaure dafin da shi, ya zubar ta fitsari. Wanda yake cin rogo tare da irin wannan abinci yana da garkuwa. Wanda kuwa ya yi makonni ba abin da yake ci sai tuwon rogo mai ɗaci wanda ba a gama gyarawa ba, dafi ya yi masa yawa, garkuwa kuma babu. A nan konzo take kamu. Ma'aunin da hukumomin duniya suka yarda da shi shi ne kada dafin ya wuce miligiram 10 a cikin kilo ɗaya na gari. Har yau malamai suna muhawara a kan ko wane ɓangare na dafin ne yake kashe jijiyar, amma a kan rogo da yunwa ba su da saɓani.

Hanyar mota ta kawo ciwo

Wani zai ce to, ai maganar fari ce kawai. Ba haka ba ne. A 1985 cutar ta ɓulla a yankin Tarime na ƙasar Tanzaniya, wani likita mai suna William Howlett ya yi nazarin masu ita, aka buga aikin a 1990. A Mozambik ta sake dawowa a 1992 da 1993, wannan karon saboda yaƙi, lokacin da mutane suka gudu suka bar gonakinsu. Amma binciken da ya fi ba da mamaki shi ne wanda Thorkild Tylleskar na Suwidin da Jean-Pierre Banea na Kongo suka yi a yankin Bandundu.

A can, al'adar mata ita ce su jiƙa rogo cikin ruwa kwana uku har ya yi laushi. Sai aka yi hanyar kwalta zuwa babban birnin Kinshasa. Manyan motoci suka fara zuwa sayen rogo. Mai mota ba ya jira, ga kuma buƙatar kuɗi. Sai mata suka rage kwanakin jiƙo, daga uku zuwa biyu, har zuwa ɗaya. Rogon da suke sayarwa, shi ne kuma suke tuƙa wa iyalinsu. A ƙauyukan da aka gajarta jiƙo, nan aka sami masu konzo. Ba wanda zai ɗora wa matan nan laifi. Su ne masu noma, su ne masu ɗebo ruwa, su ne masu daka, kuma su da ƴaƴansu ne cutar ta fi kamawa. A 1996 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da alamomin da ma'aikacin lafiya zai gane konzo da su, ko a ƙauyen da babu na'ura. Ƙasashen da aka tabbatar da ita su ne Kongo, Mozambik, Tanzaniya, Afirka ta Tsakiya, Kamaru, Angola da Zambiya.

A makwabciyar ƙasa Najeriya ma an yi wani bincike dangin wannan. Benjamin Osuntokun, malamin ciwon jijiya a Jami'ar Ibadan, ya yi nazarin wani ciwo a ƙasar Yarbawa, wajen Epe da Ososa, ya buga babban aikinsa a 1968. Wancan ciwon manya yake kamawa, kuma a hankali yake shiga. Tafin ƙafa ya daina ji, mutum ya riƙa tangaɗi musamman cikin duhu, ido da kunne su yi rauni. Ya nuna cewa masu ciwon sun yi shekaru suna rayuwa a kan abincin rogo, kuma alamar dafin tana da yawa a jininsu. Ya rasu a 1995, amma har yanzu masu bincike suna komawa ga rubutunsa.

Tasa ɗaya, ruwa da awa biyar

An san musabbabi. To sai me? Maganin warkewa babu. A ce wa matalauci ya bar cin rogo, daidai yake da a ce masa ya bar cin abinci. A ce ya ci nama, ina kuɗin? Takardu suka yi ta fita a manyan mujallun Turai, ana yabon masu su, amma macen da ke tuƙa tuwo a ƙauyen Kongo ba ta san an yi ba.

Wanda ya kawo sauƙi wani tsoho ne masanin sinadarai a jami'ar birnin Kanbera ta ƙasar Ostareliya, sunansa Howard Bradbury. Bayan ya yi ritaya ne ya duƙufa a kan rogo. Da farko ya haɗa wata ƴar takarda ruwan ɗorawa, wadda take sake launi idan ta ji iskar dafin, don a iya auna gari ko fitsari ba tare da babban ɗakin bincike ba. Daga baya, wajen 2005, ya lura da wani abu: garin rogon da aka shanya a rana aka daka, sinadarin nan mai fasa dafi bai mutu a cikinsa ba. Barci kawai yake yi. Ruwa yake jira.

Ga dabarar. A zuba busasshen garin a tasa, a yi alama a inda ya tsaya. A zuba ruwa ana juyawa. Garin zai fara sauka, sannan ya kumbura. Idan ya dawo daidai alamar, ruwa ya isa. Sai a baza shi a tabarma ko faifai, kaurinsa kada ya wuce faɗin farcen yatsa. A bar shi awa biyar a inuwa, ko awa biyu a rana. Dafin zai tashi ya bi iska. Da maraice a tuƙa tuwo kamar kullum. Gwaji ya nuna dafin yana raguwa ya koma kashi ɗaya cikin uku, wani lokaci har ɗaya cikin shida. Ba itace, ba kuɗi, ba magani daga waje.

A 2010, Banea da ma'aikatan hukumar abinci ta Kongo suka kai dabarar wani ƙauye mai suna Kay Kalenge, inda konzo ta daɗe tana ɓarna. Ba su tara jama'a sun yi musu jawabi sun tafi ba. Dattawan mata suka fara koya wa, su kuma kowace ta koya wa maƙwabtanta. An raba takardu masu hotuna da harshen mutanen. Ana dawowa lokaci lokaci ana auna garin gidaje da fitsarin ƴan lakwal. Alamar dafin ta yi ƙasa, kuma ba a sake samun sabon mai konzo a ƙauyen ba a tsawon aikin. Matan da kansu suka ce tuwon ya fi daɗi, ɗacin ya tafi. Wannan ne ma ya sa suka riƙe dabarar bayan baƙin sun tafi. Daga baya aka kai ta ƙauyuka 13 masu mutum kusan 10,000. Bradbury ya rasu a 2016. Daga rahoton Trolli zuwa tasar matan Kay Kalenge, shekara 72 ke nan.

Aiki bai ƙare ba. Ƙauyukan da ke cin rogo mai ɗaci sun fi 13 nesa ba kusa ba. Kuma a 2013 wani bincike da Michael Boivin da Desire Tshala-Katumbay, likitan jijiya ɗan Kongo, suka yi a garin Kahemba ya nuna wani abin damuwa. Yaran wurin, har waɗanda ƙafafunsu lafiya lau, sun gaza yaran wani yankin da babu konzo wajen riƙe abu a ka da saurin ganewa. Wato wanda ake gani da sanda, shi ne kawai ya fito fili.

Abin da ya shafi manomi da makiyayi a nan

Nijar ba ta cikin jerin ƙasashen da aka samu konzo. Abincin yau da kullum a nan hatsi ne da dawa, ga wake, ga nono, kuma rogon da aka fi shukawa mai zaƙi ne. Garin rogon kasuwa, idan an yi shi yadda ya kamata, an goge, an matse kwanaki, an soya, yawancin dafinsa ya fita. Masu haɗa shi da ƙuli-ƙuli ko wake suna yin daidai. Dabarar tasa da ruwa kuwa ta garin da aka shanya a rana ce, ba ta soyayyen gari ba.

Amma fari baƙo ne da kowa ya sani a ƙasar nan, kuma irin rogo yana tafiya daga hannu zuwa hannu ba a tambayi asalinsa ba. Idan an ɗanɗana rogo aka ji ɗaci, gargaɗi ne. Kada a ba yaro shi ɗanye. A fere shi, a jiƙa kwana uku ko huɗu har ya yi laushi, a zubar da ruwan inda dabba ba za ta sha ba. Ganyen rogo a daka shi sosai, a dafa shi tukunya a buɗe. Wanda ya ci rogo ya fara amai, jiri da ciwon kai, a kai shi likita nan da nan, a kuma faɗa wa ma'aikacin abin da ya ci, domin dafin idan ya yi yawa a lokaci ɗaya kisa yake yi.

Makiyaya sun riga sun san wannan dafi, ko da ba su san sunansa ba. Gyauron dawa, da ƙaramar dawar da fari ya tsayar sannan ta sake tohowa, suna iya kashe saniya ko tunkiya cikin ɗan lokaci. Dafin da ke fita daga cikinsu shi ne siyanid, irin na rogo. Haka kuma ɗanyen ɓawon rogo mai ɗaci. A shanya shi ya bushe sarai kafin a zuba wa awaki, kuma kada a ba dabba mai yunwa shi da yawa a lokaci ɗaya.